Yinin da Na Yi Cikin Rudun Albasa

Ban taɓa shan wahala irin ta shekarar da na yi wa Ɗan Asabe aiki ba. Na yi cin rani a Kumasi, na ɗauki huhun goro a ka har gashin tsakiyar kaina ya ƙare, na kwanta ciwon kurkunu damina guda, amma duk wannan jiki ne kawai ya sha. Aikin Ɗan Asabe kuwa mutuncina ya tashi ci. Ina rubuta muku wanga babi ne don kun girma kuna jin kawunnanku na Goronyo suna kirana Albasa, kowa da irin labarin da yake ba ku. Wani ya ce sata na shiga yi, wani ya ce kakanku ne ya biyo ni da sanda. Duk ƙarya ce. Ga yadda abin ya faru, daga bakin wanda ya yini a ciki.

Ɗan Asabe Bature ne, amma ba irin na mulki ba. Mutumin Amirka ne, ɗalibi, daga babbar makarantar Badun anka turo shi Wurno ya ga yadda muke noman fadama. Sunansa na yanka Wolta. Dogo ne, wuyansa ja, dariyarsa ana jin ta daga bayan ganuwa. Da ya iso, Di'o, Baturen mulki, ya ce a nemo masa mai jin Turanci, ni kuwa ina da ɗan na bakin tasha da na tsinto a Kumasi, sai anka nuna ni. Na zama kuku, na zama tafinta, na zama mai wanki. Daga Litinin zuwa Alhamis ba ni da kuka da shi. Mu tafi fadama, ya leƙa rijiya, ya tambayi manoma abin da ko yaro ya sani, mu dawo. Ran Juma'a, lokacin da kowa ke neman rigar masallaci, shi a nan aiki ke masa daɗi. Amma da ranar Asabar ta yi tsaka sai ka ga mutum ya sake. Ya sa gajeren wando, ya murɗa garmaho, akwatin waƙarsa, ya tsaya bakin ƙofa yana shafa hannu yana tambayata ina za mu yau. Wai a ƙasarsu Asabar da Lahadi na jin daɗi ne, kuma jin daɗin tilas ne, wanda ya zauna gida sai a ce ba shi da lafiya. Na gaya masa mu nan mutum yana hutawa ne in aiki ya ƙare ko in zazzaɓi ya kama shi. Bai ji ba. Da haka mutanen Wurno sunka raɗa masa Ɗan Asabe.

Sau ɗaya ya je kulob ɗin Turawa a Sakkwato. Ya dawo ya ce wurin kamar zaman makoki, kuma wani tsohon Bature ya ja shi gefe ya yi masa faɗa don an ce yana cin tuwo da hannu. Daga nan ya ce jin daɗinsa cikinmu zai riƙa yi, nauyin ya dawo kaina. Na kai shi dambe a Rabah, anka kayar da mutum, ya faɗa fili ya tashe shi yana girgiza masa hannu, saura kaɗan 'yan uwan wanda ya faɗi su ɗauka ba'a ce. Na kai shi biki, anka buga kalangu, ya kutsa tsakiyar 'yan mata yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe ya taka garwashi, 'yan mata sunka watse sunka bar shi da makiɗi. Ya miƙa wa uwar hakimi hannu. Ya tambayi wani dattijo sunan ɗansa na fari, dattijon ya yi shiru yana kallon ƙasa, shi kuwa ya juyo gare ni da tausayi ya ce ashe tsufa ya sa har ya manta. Duk abin da ya zubar Asabar da Lahadi, ni ke bi ran Litinin gida gida ina kwashewa da ban haƙuri. Mutane ba su jin haushinsa, don baƙo ne kuma zuciyarsa fara ce. Ni ake kallo, ana cewa Labbo ya sani amma bai hana ba.

To, a cikin wannan shekara ne nake neman uwarku. A kasuwar Goronyo na gan ta tana sayar da faifai, na yi ta sayen faifai har ɗakina ya cika. Ita ta yarda, ba a sha wuya da ita ba. Baffana Sahabi ya ɗauki goro ya tafi wurin kakanku, wanda ba zan rubuta sunansa ba, kun san shi. Kakanku bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce wa Baffa ya ji labarin yaron Bature ne ni, an ce da cokali nake cin abinci, an ce an ga gwiwoyina a waje a bakin gulbi, kuma wanda ya zauna da Bature kunya ke fara fita daga idonsa kafin komai. Ya ce shi bai ba da ɗiya ga wanda zai shigo masa zaure da takalmi. Ga kuma wani tela daga Rabah da ke nema, mai keken ɗinki, mai durƙuso tun daga bakin hanya. Kakanku ya ce a bari a cire albasa, sa'annan zai faɗi wanda ya zaɓa.

Ina cikin wannan tunani na ƙona shinkafa, na sake ƙona ta washegari. Ɗan Asabe ya tsare ni da tambaya har na gaya masa. Murna ta kama shi kamar shi za a yi wa auren. Ya tambaye ni mi uban ya ce mani da bakinsa. Na ce ni ban taɓa ganin fuskarsa duka ba, in na hango shi a hanya sai in sake wata, in kuwa ya rutsa ni sai in tuɓe takalmi in durƙusa in kau da kai. Na ce ko bayan aure haka za a yi, ba zan faɗi sunansa ba, ba zan ci abinci gabansa ba, ko ruwa ba zan sha ba. Ya riƙe baki. Ya ce ai nan ciwon yake, mutum bai san ka ba, yaya zai ba ka 'yarsa. Wai su can, mai neman aure sai ya je ya zauna da uban, su ci tare, su sha taba, ya dube shi ido cikin ido. Na ce masa don Allah ya bar maganar nan inda ya same ta. Ya yi dariya ya buga mani kafaɗa, na ɗauka an wuce wurin.

Asabar ta zagayo. Ya ce yau za mu yi wani abin ƙasarsu, a dafa abinci mai kyau a gida, a ɗauke shi a kai daji, a shimfiɗa a ƙasa a ci tare da tururuwa. Ban yi gardama ba, don na ga wannan dai babu uwar hakimi a ciki. Na soya zabi, na dafa shinkafa, munka ɗaura garmaho a bayan babur, munka bi hanyar Goronyo har wata fadama a bakin gulbin Rima, inda wata tsamiya take. Gonakin albasa ne ko'ina, wasu an cire, an tara a rudu. Ku 'yan birni ba ku san rudu ba. Ɗan rumbun kara ne a kan sanduna, da jinka a sama, ana zuba albasa a ciki don iska ta riƙa ratsa ta. Akwai wani dab da tsamiyar, an cika shi rabi. Zafi ake yi, Ɗan Asabe ya ce mu faɗa ruwa kafin abinci, ya ba ni wani gajeren wandonsa. Na duba gabas na duba yamma babu kowa, na sa. Munka fito, ya murɗa garmaho, wata mata ta fara kuka a ciki. Yunwa nake ji, tun safe ban karya ba. Na ɗauki cinyar zabo na kai baki ke nan, sai ya dube ni yana murmushi ya ce yana da baƙo, ga shi can ma tafe.

Na ɗaga kai. Jaki ne, a kansa dattijo da babbar riga da rawani. Fuskarsa ban sani ba, amma jakin na sani, don sau da yawa ganinsa ke sa ni sake hanya.

Daga baya na ji yadda anka yi. Ɗan Asabe bai bi ta kaina ba, dogarin hakimi ya roƙa ya kai saƙo cewa Bature na son ganin kakanku ran Asabar a gindin tsamiya, shi da matarsa da 'yarsa. Kakanku ya ce zancen mata dai kuskuren dogari ne. Shi kansa kuwa, da ya ji Bature da dogari a magana guda, bai yi barci ba. Ya tara iyali ya yi musu wasiyya, ya nuna wa ƙanensa inda iyakar gona take, ya sa rigar Salla, ya hau jaki kakarku tana kuka.

Ni dai ban yi shawara da kowa ba. Ga ni ba riga, gwiwa a waje, maiƙo a baki, mace na kuka cikin akwati. Duk abin da anka faɗa masa a kaina ga shi an shimfiɗa masa a gindin tsamiya. Kafin jakin ya kewayo wata kuka da ke tsakaninmu na kama sandar rudu, na ɗaga jinka, na faɗa kan albasa da cinyar zabon a hannu. Takalmana na bari a kan tabarma.

Ta tsakanin kara ina ganin komai. Kakanku ya sauko zai durƙusa, Ɗan Asabe ya cafke hannunsa yana girgizawa kamar mai jan guga. Ya juya zai nuna ni, babu ni. Ya yi ta kiran sunana, ya leƙa gulbi, ya leƙa bayan tsamiya. Da ya gaji ya dawo ya zaunar da baƙonsa, ya ce ba komai, shi ma yana jin Hausa. Yana ji ɗin, abin da ya kashe ni ke nan. Da bai ji ba da sun yi shiru sun rabu lafiya.

"Baba, babu laifi, babu gwamnati. Ni abokin Labbo. Labbo yana son 'yarka. Yana so sosai. Ba ya barci. Yana ƙona shinkafa."

Kakanku ya dubi gulbi. Ya ce gulbi ya ja baya bana.

Ɗan Asabe ya yarda gulbi ya ja baya, ya koma inda ya tsaya. Ya faɗi sunan uwarku, ya sake faɗi. Ya ce na gaya masa tana da wushirya. Ya ce ni mutumin kirki ne, ina da ƙarfi, ina cin tuwo malmala uku in na samu, kuma ranar bikin nan ya ga ina kaɗa kai da kalangu, alamar zan iya rawa in anka matsa. Kowace magana ya faɗa sai kakanku ya ba shi amsa da labarin ruwa ko na farashin jaki. Ni kuwa ina kwance rub da ciki, rana ta buga jinka, albasar ƙasa wasu sun fara ruɓa, idona na zubar da ruwa, wasu ƙananan ƙwari sun sami hanya cikin wandon nan. Cinyar zabo na hannuna, yunwa na cina, amma ban iya ci, don kakanku yana nan, ko da kara tsakaninmu.

Da kakanku ya tabbata ba ɗauri anka kira shi ba, sai jikinsa ya saki. Na ga idonsa ya sauka kan takalmana. Ya daɗe yana kallonsu. Sa'annan ya bi sawun ƙafa da ido har gindin rudu, ya kau da kai, ya wanke hannu ya jawo kwanon zabi. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ci a hankali. Ya ci, ya tsotse ƙashi, ya sha shayi, ya ce a ƙara. Ya tambaya ko matar da ke cikin akwatin mijinta ne ya rasu. Ya yi alwala ya yi azahar. Na ce a raina yanzu zai tafi. Sai ya cire rawani ya yi matashi da shi, ya miƙe a inuwa, ya juya wa rudu baya. Ya tashi ya yi la'asar. Ni duka biyun a zuci na yi niyyar ramawa.

Atishawa ce ta tona ni. Na danne ta, na danne ta, ta fito da ƙarfin da ya sa jaki ya zabura. Ɗan Asabe ya taso da gudu ya ɗaga jinka, ya gan ni, ya fashe da dariya. Ya ce in fito, abin ya yi kyau, Baba yana sona, ya cinye zabi duka. Na yi masa alama da hannu ya rufa mani asiri. Ya ɗauka kunyar yara ce irin wadda ake cirewa da ja. Ya kama ƙafata. Na rungume sandar rudu. Yana ja ina riƙewa, albasa na gangarowa ƙasa, ƙafata ɗaya ta fito waje har cinya, ba komai a kanta sai ɓawon albasa. Na rufe ido na ce shi ke nan, tela ya ci.

Sai na ji muryar kakanku, a hankali, fuskarsa na wajen gulbi.

"Bature, bar kayan mutane. Albasa ta, ba a jan ta da ƙarhi."

Ɗan Asabe ya ce ba albasa ba ce, Labbo ne, ga ƙafarsa.

"Ni dai albasa nig gani. Mai da ta inda take, ka ruhe."

Ya sake ni. Ban san abin da ya fahimta ba, amma ya mai da jinka. Kakanku ya naɗa rawani, ya yi godiyar abinci, ya kwance jakinsa. Da ya zo daidai rudu sai ya tsaya yana gyara akumari, yana magana da jakin. Ya ce masa gobe za a fara cirar albasa a gonarsa ta bakin mashaya, hannu ya yi kaɗan, tela kuwa ya aiko cewa ɗinki ya yi masa yawa. Ya ce in da akwai wani mai neman lada da ya zo, amma ya zo da wando mai kai idon sawu. Ya hau ya tafi.

Na sauko na zauna gindin tsamiya. Ɗan Asabe ya ga fuskata ya daina dariya. A hanya warin da nake yi ko babur bai kore shi ba. Da munka isa gida ya ce shi taimako ya so yi. Na ce na sani. Na tambaye shi, can ƙasarsu, shi ya taɓa zama da uban yarinya ido cikin ido. Ya ce ya taɓa, sun ci nama sun sha taba har yamma.

"To, ya ba ka ɗiyar?"

Ya sosa wuya, ya ce a'a, wani ta aura.

Ya ce gobe Lahadi, mu tafi tare ya ba kakanku haƙuri, ya kuma taya cirar albasa. Na ce in ya taka gonar nan ni gulbi zan faɗa. Na gaya masa ba zan iya riƙe aikinsa da neman aurena a hannu guda ba, don ban san abin da Asabar mai zuwa za ta kawo ba, shi ma bai sani ba. Sa'annan ya gaya mani abin da ya yi niyyar ɓoyewa sai tafiyarsa ta matso, cewa ya riga ya yi magana a tafi da ni Badun, akwai gurbin masinja a makarantarsu, da ɗaki da kaki. Na yi godiya, na ce ba ni zuwa. Wanda ya maye gurbina wajensa, wani Ɗan Ige, shi anka tafi da shi. Kun san gidan benen nan na bakin tasha, nasa ne. Duk ran da na wuce ta nan da kwandon albasa a ka sai na tuna, ba zan ce muku ban tunawa ba. Amma Ɗan Ige har ya mutu bai zauna da mace ta shekara ba, ni kuwa ga ku.

Da asuba na yi salla, na rama na jiya. Na wanke gajeren wandon na ninke na aza kan garmaho, na dafa masa shayinsa na rufe. Nawa wandon bai kai idon sawu ba, sai na sa na Baffa Sahabi, wanda ya yi mani tsawo har ina takawa, na saɓa kalme na kama hanya. Hantsi ya yi kafin in isa bakin mashaya. Kakanku yana gefen gabas na gonar, na shiga ta gefen yamma, na duƙa. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Da rana ta take sai ga uwarku da ƙwaryar fura. Ta aje a bayan wani rudu inda ba a hango mutum, ta juya za ta tafi, tana danne dariya da bakin zane.

"Baba yac ce a kawo ma albasa ruwa, kar ta bushe."

Na zagaya bayan rudun, na juya baya, na sha.